Maus Ɗin Anti Rekiya Ya Ƙi Motsi

Ƙarfe huɗu na yammar Laraba za a rufe rajistar jarrabawar ƙarin girma, kuma Anti Rekiya ba ta yi ba. Shekararta bakwai a mataki na tara. Bara tana asibiti aka yi, bara waccan sunanta ne ya yi ɓatan dabo daga jerin, wanda ya rasa ta bana kuwa sai ya jira baɗi. Yara biyu da ta koya wa aiki sun wuce ta. Ɗaya ma yanzu ita ke kai masa fayil, ya ce mata "ajiye a can" bai ko ɗago kai ba.

Ni sunana Nabilah, teburina na manne da nata, shekara huɗu muna raba fanka ɗaya da caja ɗaya. Reshenmu ƙarami ne, wani tsohon bene a Garki inda hukumarmu ke jibge takardun da ba ta so ta gani kuma ba ta so ta ƙone. Kwamfuta tara gare mu. Dokar rajistar ita ce kowa ya yi a kwamfutar teburinsa, ban da waya, ban da laftof, wai saboda bara an kama wani ya yi wa surukinsa rajista daga wani shago a Zuba alhali surukin tela ne.

Litinin da Talata Anti Rekiya tana Okene wajen mahaifiyarta. Laraba ta bar Kubwa tun da duhu-duhu, ta riga mai shara isowa, ta tarar babu wuta. Mai kunna janareta ya tafi neman sa hannun wanda zai ba shi makullin. Sai biyu saura minti ashirin fanka ta juya.

Ta yi bismilla ta kunna kwamfuta, ta ɗora hannu a kan maus ta tura. Kibiyar da ke kan allo ba ta ko girgiza ba. Ta ja shi hagu, ta ja shi dama, ta zagaya da shi kamar mai dama fura, kibiya na nan a tsakiyar allo ta kafe. In ta danna, sai ka ji ƙas-ƙas lafiya lau. Motsi ne dai babu.

"Nabilah, ka ba ni naka." Anti Rekiya mace da namiji duk "kai" take ce musu, mun saba.

Ni kuwa ina da wani sirri. Tun ranar Litinin da safe maus ɗina ya mutu. Ranar Juma'a kunun aya ya ɗan zube a teburina, na goge da gefen mayafi, don haka na san ni na kashe shi. A jikin ƙofarmu kuwa akwai sanarwa cewa duk wanda ya lalata kayan gwamnati takardar tuhuma zai sha, ta shiga fayil ɗinsa. Shi ya sa kwana uku na karkatar da allona ya kalli bango, ina dukan kibod da fuskar mai aiki, ina tura matacce gaba da baya duk lokacin da wani ya gifta.

Na zare igiyar na miƙa mata. Ta jona, ta tura, kibiya ba ta motsa ba. Allah ya yafe mini, ga abin da ya fito daga bakina: "Kai, Anti, to kwamfutarki ce. Nawa lafiyarsa ƙalau."

Sai muka fara ƴan dabaru. Na ce a hura ramin da ake jona igiyar, ta hura. Muka canza rami. Muka ɗora maus ɗin a kan bangon fayil, a kan kalanda, a kan farantin shayi, har a kan cinyarta. Ta yi masa magana da Hausa, ta koma Turanci, da abin ya yi zafi ta koma yarensu, wanda ban ji ba amma na san ba addu'a ba ce.

Biyu da minti goma aka samo mai gyaran kwamfutarmu, Abdulhakim, wanda tun da ya dawo daga wani kwas na mako biyu ba ya amsawa sai an ce Injiniya. Ya shigo yana sakace, katin aiki uku na lilo a wuyansa.

"Injiniya, ka taimake ni don girman Allah. Ƙarfe huɗu za a rufe."

"Anti, kwantar da hankalinki. Ƙaramin abu ne. Minti biyar."

Ya ɗauki maus ɗin ya juya shi ya kalli cikinsa, ya mayar ya ajiye. Na ce, "Injiniya, da ba ƴar jar wuta yake yi a ƙasa ba?"

Ya kalle ni irin kallon da likita ke yi wa mai maganin gargajiya. "Na da kenan. Na yanzu haskensu ido ba ya gani."

Ya ce a kawo wani. Ya shiga ofishin shugabar reshenmu, Madam Helen, ya fito da nata, ita kuma tana biye da shi tana cewa, "A hankali fa, Abdul. Wannan maus yana aiki perfect, ban taɓa samun wahala da shi ba." Aka jona, babu motsi. Aka bi tebur-tebur aka karɓo wasu huɗu, kowa na miƙawa yana rantsuwa cewa yanzun nan ya gama amfani da shi. Aka jera su a gaban Anti Rekiya igiya ta sarƙe da igiya, ba wanda ya motsa kibiya ko da taku ɗaya.

Abdulhakim ya gyara tsayuwa, ya juyo ya fuskance mu, don ya ga an taru.

"To kun gani. Maus ɗaya zai iya lalacewa. Biyu ma zai yiwu. Amma bakwai? A kimiyyance ba zai yiwu ba. Matsalar direba ce."

Ya yi mana bayani cewa akwai wani ɗan shiri a cikin kwamfuta da ke sa ta gane maus, shi ake kira direba, kuma na Anti Rekiya ya ruɗe. Za a cire shi, a kashe kwamfuta, a kunna, ta sa sabo da kanta. Duk muka gyaɗa kai. Madam Helen ta fi kowa gyaɗawa, ni kuma ina bi mata.

Gaskiya dai mutumin ya iya kibod. Ba tare da maus ba ya dinga shiga nan yana fita can, yatsunsa na gudu, har ya cire direban ya kashe kwamfutar. Da ta tashi sai allo ya yi shuɗi, ta rubuta cewa tana sabunta kanta, kada a kashe ta. Kashi uku cikin ɗari. Muka zuba ido. Kashi huɗu.

"Injiniya, wannan fa?"

"Yana da kyau. Tana ƙara lafiya ne."

Minti talatin da biyar ta ɗauka tana ƙara lafiya. Anti Rekiya ta cire takalmi, ta mayar, ta cire ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta je bakin taga ta dawo. A kashi tamanin da tara kwamfutar ta tsaya ta huta na minti tara. Da ta gama ta buɗe, aka tura maus, kibiya na nan inda muka bar ta.

Abdulhakim ya ce to direban da ta sa da kanta na bogi ne, sai ya sauko da na asali daga intanet. Intanet ɗinmu kuwa in ka aika saƙo da safe sai ka kira mutumin da yamma ka faɗa masa abin da ke ciki. Ya sauko da shi, ya sa, ya sake kashewa ya kunna. Uku da minti goma sha biyar. Babu motsi. Ya share goshi da ɗaya daga katunan wuyansa.

Anti Rekiya ta ce, da wata murya mai sanyi da ban san ta da ita ba, "Abdulhakim." Babu Injiniya. "Ka bar direba. Ka cika mini fom da wannan yatsun naka."

Ya zauna ya buɗe shafin rajista da kibod, tana karanto masa yana cikawa. Suna, lambar ma'aikaci, ranar kama aiki, ranar ƙarin girma na ƙarshe. Da ta faɗi shekarar, wani daga baya ya ce "Subhanallahi," ta juya ta kalle shi ya koma kujerarsa. Komai ya tafi daidai har shafi na ƙarshe, inda hotonta ya fito a gefen hagu, akwatin da babu komai a gefen dama, da rubutu a ƙasa: a ja hoton a saka cikin akwatin. Ja kuwa sai da maus.

"Akwai hanya," in ji Abdulhakim. "An koya mana. Ana danna maɓalli uku tare, kibod ya koma maus."

Ya danna maɓalli uku tare. Allon ya yi baƙi, ya dawo, komai ya kife. Sunan hukuma a ƙasa, Anti Rekiya a hoto kanta ƙasa kafaɗu sama. Ya sake dannawa, kibod ɗin ya yi ƙara ya ƙi. Ya ce in ya sake kashe kwamfutar zai gyaru, amma duk abin da aka cika zai goge.

"Ka taɓa wannan maɓalli," in ji Anti Rekiya, "wallahi sai an raba mu."

Madam Helen ce ta kawo shawarar da ta fi ta kowa hankali a ranar. Ta ce tunda rubutu ya kife, a kife allon. Allon ba ya tsayuwa da ka, sai an riƙe. Kowa ya kalle ni, don ni ce ƙarama. Haka na tsaya a bayan tebur na rungume allo ƙafarsa na kallon silin, ina leƙowa ta gefe. Rubutu ya miƙe tsaf, hoto na hagu, akwati na dama, tsakaninsu bai fi tsawon yatsa ba. Agogon bango ya ce huɗu saura minti ashirin da biyu.

Anti Rekiya ta kalli wannan ɗan tsakanin. Ta kalli maus bakwai da ke gabanta. Sai ta ɗauki nata, wanda aka sake jonawa, ta maka shi a kan tebur da ƙarfin shekara bakwai. Ya yi tsalle ya faɗi rigingine, cikinsa na kallon sama. Ta ɗaga hannu za ta ƙara masa, sai ta tsaya. Ta sunkuya.

"Nabilah, ka kashe fitila."

Na ce hannuna biyu a cike suke. Madam Helen ta kashe. A cikin ɗan duhun, tsakiyar wata sitika mai ruwan azurfa da ke manne a cikin maus ɗin ta yi ja, kamar ka haska tocila a bayan tafin hannu. Anti Rekiya ta juya na biyu. Shi ma da sitika. Na uku haka. Duk bakwai ɗin kowanne da tasa, an manna ta tsaf daidai kan idon da maus ke ganin hanya da shi, kowacce da sunan hukuma da doguwar lamba.

Abdulhakim ya ce shi ya gani tun ɗazu, ya ɗauka ta kamfani ce.

"Sale!" Madam Helen ta ƙwala kira har sai da allon ya yi rawa a hannuna. "A kira mini Malam Sale!"

Malam Sale shi ne mai kula da sito, dattijo mai furfura, mai tsabta, wanda bai taɓa ba da biro biyu ga mutum ɗaya ba. Ya hawo daga ƙasa a natse, naɗin sitika a hannu guda, allon rubutu a ɗayan.

"Malam, wa ya manna wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe." Fuskarsa ta washe, ya ɗauka yabo za a yi. "Ranar Asabar na shigo, ba wanda ya sa ni. Masu binciken kaya za su zo wata mai zuwa, an ce komai ya samu lamba. Takardar ta ce a manna inda hannu ba zai goge ba. Da na juya na ga har da wani ɗan rami a buɗe, na ce bari in toshe muku shi gaba ɗaya, kada ƙura ta shiga."

"Guda nawa ka yi wa?"

"Duka tara. Ban tsallake ko ɗaya ba."

Kowa ya shiga lissafi a ransa. Wani daga kusurwa ne ya fara, a hankali: "Wato tun Litinin…" Sai na kusa da shi ya ce, "Kai ma?" Kafin ka ce me, ofis ya kaure. Wanda ya rantse yanzun nan ya gama amfani da nasa ya ce kwana uku yana kallon hoton shanu a allonsa. Wata ta ce ita ta zaci ɗanta ne da ta zo da shi ranar Juma'a, har ta zane shi a gida. Ni na faɗi na kunun aya daga bayan allo. Madam Helen ta daɗe tana kallon silin, sannan ta ce ita shayi ta zata, ta kai nata gida ranar Litinin ya kwana a cikin buhun shinkafa.

Anti Rekiya ba ta yi dariya ba. Ta sa farce a gefen sitikar.

"A'a, a'a, a'a!" Malam Sale ya yi wuf ya dafe maus ɗin da tafinsa. "Hajiya, ba a cirewa. Cire lambar kayan gwamnati laifi ne babba. Sai an rubuta takarda zuwa hedkwata, kwafi uku, a amince, sannan ni in cire da hannuna a gaban shaida."

"Kwana nawa?"

"In an yi sauri, sati uku."

"Malam, saura minti goma sha huɗu."

"Na sani, Hajiya. Amma in kika cire, dole in rubuta rahoto. Ba son raina ba ne."

Madam Helen ta kau da kai, don ita ma tana tsoron hedkwata. Abdulhakim ya ce ko a huda ƴar ƙofa da allura, Malam Sale ya ce hudawa ta fi cirewa laifi. Ni kuma allon ya fara zame mini a hannu. Haushi ya kama ni sosai, na dattijon, na Injiniya, da na kaina da na yi mata ƙarya tun farko na ci mata kusan awa biyu.

Anti Rekiya ta miƙe tsaye. Ba ta da tsawo, amma ranar sai da Malam Sale ya ja baya.

"Malam Sale, shekara bakwai ban yi latti ba, ban ɗauki ko fensir na kai gida ba. Fayil ɗina babu takardar tuhuma ko ɗaya, kuma bai kai ni ko'ina ba. Ka rubuta. Ka rubuta sunana da kyau, Rekiya, kar ka sa Rukayya kamar yadda kuka saba. Ɗaga hannunka."

Ya ɗaga. Ta ɓare sitikar, ƙiiit, ta manna ta a bayan hannunta. Malam Sale ya ce "Innalillahi" kamar an yanka wani abu. Jar wuta ta haska tebur. Ta tura maus, kibiya ta zabura ta tsallake allon gaba ɗaya, ofis ya ɗauki shewa. Ta kama hoton, ta ja shi a hankali, ta sake shi cikin akwati. Ta danna aikawa. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a allo, ya yi ta juyawa, Madam Helen na kiran Yesu, mu muna salati. Huɗu saura minti takwas aka rubuto cewa an karɓa.

Ta zauna daɓas, ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Ni ma idona ya cika, ga allo a ƙirjina, babu hannun sharewa.

Malam Sale na tsaye ya fara rubuta rahotonsa. Ya rubuta layi ɗaya, biron ya tsaya. Ya matso kusa da ita, ya rage murya, amma ni ina kusa na ji.

"Hajiya… hoton nan, dole sai an ja shi?"

Ta ɗago ta kalle shi.

"Ni ma tun Litinin nake fama a sito. Na ɗauka tsufa ne ya sa ban iya ba, na ji kunyar tambaya." Ya nuna maus ɗinta. "Nawa ba zan iya cire masa ba, ni na manna. Amma wannan naki, tunda ya riga ya yi laifi…"

Na zaci za ta ce ya kawo kwafi uku. Ni da haka zan ce. Ita kuwa agogo ta kalla, ta fizge igiyar maus ɗin, ta kama hannun rigar dattijon, suka nufi matakala da gudu, Abdulhakim na bin su yana cewa a bar masa cika fom ɗin, shi ya fi sauri. Kowa ya bi su. Aka bar ni ni kaɗai rungume da allo, ba wanda ya ce in ajiye.

Huɗu da minti biyar Anti Rekiya ta hawo tana haki, takalmi a hannu, sitikar na nan a bayan hannunta. Ta karɓi allon ta kwantar da shi a kan tebur.

"Ya shiga, saura minti ɗaya. Nabilah, shekara goma sha ɗaya yana mataki na bakwai, baɗi zai yi ritaya. Hannunsa rawa yake yi, ni na ja masa hoton."

Washegari Malam Sale ya hawo da rahotonsa, kwafi uku, an buga da kyau. Ya rubuta cewa da yammacin Laraba, sakamakon tsananin zafi da rashin wuta, sitika tara sun faɗo da kansu daga jikin maus tara, kuma an mayar da su a wuri mafi sanyi. Ya ce doka ta buƙaci shaida ɗaya. Ya ajiye takardar a gaban Anti Rekiya, ya cire biro daga aljihunsa ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sa hannu, ta miƙo masa biron, ya ce ta riƙe.